Damin Hatsin Da Na Mayar

Ƙanena ya cinye mini gona. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi, ni na yi masa aure, kuma da rana tsaka ya cinye ta a gaban mutane. Duk wanda ya ce kada in faɗi haka saboda zumunci, to ya fara maido mini da gonata tukuna, sannan mu zauna mu yi maganar zumunci.

Amma tunda na ɗauki biro, sai in haɗa da nawa laifin, don shi ma ba kaɗan ba ne.

Tuwo nake sayarwa a bakin tashar manyan motoci a nan Zinder, tun shekarar da mijina ya rasu. Tukwane uku, rumfar kara, benci biyu. Masu cin tuwona direbobin kamyo ne, manyan motocin kaya, da masu lodi, kuma duk mai son jin labarin ƙasa ya zo ya zauna inda direbobi ke cin abinci. A bakinsu na fara jin maganar hanya. Kullum suna mitar yadda ake sa su ratsa tsakiyar gari da tirela, ga amalanke, ga ƴan kabu-kabu, ga jakuna. Sai aka fara cewa za a yanka sabuwar hanya ta yamma, ta zagaye gari ta haɗe da babbar hanyar Takieta.

Akwai wani tsohon direba mai son miyar kuka, wanda ba ya cin tuwo sai da ƙanzo. Shi ne wata rana ya karɓi muciyata, ya juya ta, ya zana mini hanyar a ƙasa da ƙotarta.

"Hajiya, nan ne gari. Nan dutsen nan ne. Ta nan za ta bi. Na ga an yi haka a garuruwa da yawa, inda gudron, wato kwalta, ya ratsa, gona ta tashi daga gona ta koma parsal, filin gina gida. Ki daina tara kwanuka a ɗaki, kwano ba ya haihuwa."

Na ce, "Kai da ka sani, me ya hana ka saya?"

Ya ce, "Ni mata biyu gare ni da tayoyi goma sha takwas. Da me zan saya?"

Aka yi dariya, na ƙwace muciyata na wanke. Amma zanen nan ya zauna mini a kai, don inda ya ja layin daidai yake da ƙauyen mahaifiyarmu, inda ƙanena ke zaune yana noma ƴar gonar gado wadda ba ta kai shi ga damina.

Ina da shanu biyu da na yi shekara biyu ina turkawa da dusa da harawa. Na sa aka kai su kasuwa. A ƙauyen akwai wani dattijo da ke son sayar da gonarsa ya koma wurin ɗansa a Damagaram Takaya. Jigawa ce, mai gawo biyar a tsakiya, iyakarta duk gamba. Ba wanda ya yi rububinta, don a lokacin ba abin da ke bi ta wurin sai awaki.

Ranar ciniki ban je gonar ba. Wannan shi ne farkon wautata. A wurinmu mace ba ta zama a tabarmar cinikin gona, wakili take naɗawa. Ni da nake zagin ƙattin direbobi idan suka zubar mini da miya, sai ga ni na lulluɓe na zauna cikin gida tare da mata ina tsintar gyaɗa, kamar wata amarya. Maza suka tafi suka taka iyaka, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da azahar ƙanena ya shigo da takarda da ɗan tambarin tawada, ya ce, "Yaya, kawo babban yatsa." Na miƙa, ya dangwala mini inda ya ga dama. A lokacin baƙi a takarda da sawun kaza duk ɗaya ne a idona. Na naɗe ta cikin leda na sa a ƙasan akwati.

Gona ba a barinta haka nan. Idan ta yi shekara biyu ba hauya, maƙwabta za su riƙa gutsurar iyakarta taku-taku. Don haka na ce wa ƙanena ya noma ta kafin hanya ta zo. Ai wannan ba laifi ba ne, kowa yana ba da aro.

Sai dai aron gona yana da ƙa'ida, kuma na san ta tun ina yarinya. Duk kaka, wanda aka ara wa gona yana ɗaukar dami guda na hatsi ya kai wa mai gona a gaban mutane. Ba don mai gona yana jin yunwa ba. Damin nan shi ne bakin da ke faɗa wa gari duk shekara cewa ƙasar nan tana da mai ita. Ko sarki ya ara maka, ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya, damin yana tafiya.

Kuma wallahi ƙanena ya kawo. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Kakar farko ya ɗoro shi a amalanke har bakin rumfata, ranar kasuwa, tare da dattawa biyu na ƙauyen. Dami ne babba, zangarniyoyinsa kamar an zaɓa. Rumfa cike take da direbobi, kowa da kwano a gabansa.

Na fito da mara a hannu na ce, "Auta, mene ne wannan?"

Ya ce, "Damin gona ne, Yaya."

"Damin gona? Ni za ka kawo wa dami? Ka ga yunwa a jikina? Ni da nake ciyar da rabin tashar nan?"

Direbobi suka fara zuga ni. "Faɗa masa, Hajiya! Giwar mata!"

Ɗaya daga cikin dattawan, mai gemu ja da lalle, ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ƴata, karɓi. Idan ba kya son damin, ko zangarniya ɗaya ce ki zare a gabanmu, ya koma da saura."

Na ce, "Baba, wannan tsakanin bare ne. Yaron da na tauna wa abinci a baki ba zai biya ni aro ba. Auta, mayar da shi, ka ciyar da ƴaƴanka."

Dattijon ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa. Na zuba musu tuwo da nama, ban karɓi ko dala ba, suka juya da damin.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa ni yin haka. Ƙarya ce. Tausayin yana ciki, amma abin da ya fi yawa shi ne idon direbobin nan. So nake a ce mai tuwon tasha ita ke riƙe da danginta. Na sayi kirari na minti biyar da gona sukutum.

Kaka ta biyu ya aiko da damin, na sake mayarwa, har da faɗa. Ta uku bai aiko ba, ni kuma na ji daɗi, na ce yaro ya ji magana.

Hanya kuwa shiru. Shekara ta bi shekara. Direbobi suka mayar da ni abin tsokana, duk wanda ya zauna sai ya ce, "Hajiya, ina gudron ɗinki? An fara zubawa?" In ce, "An fara, a bakin uwarka aka tsaya." Tsohon direban da ya zana mini ita ya rasu bai ga ko turke ɗaya ba. Amma gari yana ta tafiya yamma a hankali. Inda muke zuwa itace da ƙuruciya ya zama unguwa, har da masallacin Juma'a da masu cajin waya.

A cikin shekarun jiran nan ne na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Furfura ta riga ta fito mini. Abin da ya kai ni, likita ne ya ba ni magani kala biyu, na sha na safe da dare, na dare da safe, na kwana uku ina jiri. Na ce wannan wulaƙancin ya isa. Madam ɗinmu mai koyarwa yarinya ce wadda a haife na haife ta, bayan la'asar muke zama a tabarma mu mata kamar ishirin, kowa da allonta da alli. Hannuna ya saba da muciya, alli sai karyewa yake. Wata shida ina faɗa da baƙaƙen nan kafin su yarda su tsaya wuri ɗaya. Ranar da na karanta rubutun bayan wata kamyo da kaina, na tsaya a tsakiyar titi ina dariya har wani ɗan kabu-kabu ya zage ni.

Daga nan ba abin da na bari. Gwangwanin tumatir, buhun shinkafa, katin asibiti. Wata ranar Lahadi ina gyaran akwati sai na ci karo da ledar nan. Takardar da Faransanci take, ni kuwa Hausa na koya, amma suna ai suna ne. Na ga sunan dattijon da ya sayar. Na ga sunan ƙanena a sama kusa da nasa. Na bi da yatsa ina neman nawa, sai can ƙasa na same shi, a jere da na wasu tsofaffi biyu, ga dangwalena a gefe.

Na kai wa madam. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Inna, a nan an rubuta shi ne mai saye. Ke shaida ce."

Na je ƙauye a makon. Na same shi a gindin gawo yana gyaran ƙotar hauya, na ajiye takardar a gabansa. Ko gezau bai yi ba.

"Haba Yaya, haka mai gari ya ce a rubuta, wai wanda ya taka iyaka shi ake sawa. Wa bai san taki ba ce a garin nan? Ashe bokon nan fitina ake koya muku."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Matarsa ta dama mini fura, ƴaƴansa suka zagaye ni suna duba jakata. Da a ranar na ja hannunsa zuwa zauren mai gari aka sake takarda, da ya bi ni, don gonar ba ta da wata daraja tukuna. Amma na ji nauyin a ce na je ƙauye ina tuhumar autanmu a kan jigawa. Na naɗe takardata na hau mota. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da Allah ya ba ni, na sha fura a kanta.

Bayan damina biyu sai ga ma'aikata da na'urar awo mai ƙafa uku, suna kafa turaku masu jan fenti. Layin ya bi ta gefen gonar daidai, kamar tsohon direban nan ne ya riƙe musu igiya. Kafin wata ya mutu alhazan birni sun fara zarya a ƙauyen da motoci masu baƙin gilashi. Ni ina tasha ina murna, har na yi sadakar waina. Ina ta raba gonar a kaina: bakin hanya in yi rumfunan haya, baya in yanka wa ƴaƴana mata, shi ma Auta in ba shi parsal biyu ladan noma.

Wani direba ne ya tsaya a bakin rumfa bai ko zauna ba, ya ce, "Hajiya, ashe kin sayar ba ki gaya mana ba? Na ga ana sauke bulo a gonarki."

Na bar tuwo a kan wuta na hau kabu-kabu. Da na isa, gawo uku suna kwance, an tona wani rami da zai haɗiye ɗaki. Ƙanena ya sayar wa wani alhaji duk gefen da ke kallon hanya, za a gina gidan mai. Sauran ma an auna an kafa duwatsun siminti.

Na same shi a ƙofar gida, ga sabon babur a jingine, ga kwanon rufi an tara. Na ce, "Auta, dube ni." Bai ɗago ba. Ya ce wa ƙasa, "Yaya, ai kin ba ni." Na ce, "Yaushe?" Ya ce, "Kowa ya sani." Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta ba, don jikokina za su karanta.

Muka je gaban mai gari. Tsohon da aka yi ciniki a zamaninsa ya rasu, ɗansa ne a kan buzu. Wanda ya sayar mini ya rasu. Shaidun takarda sun rasu. Dattijon nan mai jan gemu ne kaɗai ya rage, an riƙo shi da sanda aka zaunar. Wannan karon ban lulluɓe ba, na zauna a tsakiyar zaure na faɗi komai, tun daga shanu har dangwale.

Mai gari ya saurara har na gama. Ba mugu ba ne, kuma na ga alama ya san gaskiya. Ya ce, "Hajiya, takarda ba ta tare da ke, amma takarda ba ita kaɗai muke dubawa ba a nan. Tambaya ɗaya zan yi miki. Shekarun nan da yake noma ta, kin taɓa karɓar dami?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya kawo."

"Kin karɓa?"

Na juya wurin dattijon. Ya ce, "Ƴata, ni abin da na gani zan faɗa, ƙafata ɗaya tana kabari. An kai, kin mayar. Na ce ki zare ko zangarniya, kin ƙi. Kin ce ya ciyar da ƴaƴansa. Ko kyauta kike nufi ko aro, wannan yana cikin ranki, ni ban shiga ba."

Ban ji haushin tsohon ba. Ko kalma ɗaya bai ƙara a kan abin da ya faru ba.

Liman ya ce tunda ba ni da shaida, kuma shi ya musa, abin da ya rage rantsuwa ce. Ƙanena zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a masallaci ya ce gonar kyauta na ba shi. Idan ya dafa, magana ta ƙare. Idan ya noƙe, gona tawa ce. Na ce na yarda, a sa rana. Aka sa Alhamis da hantsi. Na fito ina cewa a raina ba zai iya ba, na san ɗan uwata.

Yau gudron ya zo, baƙi wuluk, tireloli suna bi dare da rana. Gidan man yana nan da fitilunsa, har da wurin sayar da lemo. Idan zan je Takieta gaisuwa ta gabansa mota ke bi, ni kuwa sai in dubi ɗaya gefen. Ƴaƴana mata har yanzu haya suke yi a cikin gari. Babbar takan ce, "Inna, da kin bar shi ya dafa." Wasu ranakun ni ma haka nake cewa.

Ga abin da ya faru da maganar rantsuwar. Ranar Laraba da la'asar ina kankare tukunya sai ga matar ƙanena, ita kaɗai, ƙafafunta futu-futu. Mace ce mai surutu, da can idan ta zo sai ta buɗe mini tukwane tana cewa miyata ba gishiri. Ranar nan ta durƙusa a bakin murhu ta kasa gaisuwa.

Na ce, "Idan aiko ki aka yi, tashi ki koma. Ki ce masa ya aske gemu ya zo da kansa."

"Ba wanda ya aiko ni, Yaya. Cewa na yi zan je awo."

"To me ya kawo ki? Kin zo ganin wadda kuka tsiyata?"

Ta ce, "Zai dafa."

Na ajiye abin kankara.

"Wallahi zai dafa, Yaya. Alhajin ya riga ya binne tankuna, ya ce masa idan ya noƙe sai ya ga ƙarshensa. Kwana huɗu ke nan ba ya cin abinci, sai ya zauna a bayan rumbu yana magana shi kaɗai. Ya san taki ce. Ni ma na sani, duk garin sun sani. Ni ban zo roƙon gona ba, ku ci abinku ku ƴan ciki ɗaya. Ƴaƴa bakwai gare ni. Idan ya dafa Littafin nan a kan ƙarya, wa zai rage mini?"

Na ce, "Ni na ce ya yi ƙarya?"

"A'a. Amma ke kaɗai za ki iya hana shi."

Na zage ta. Na zagi mijinta, na zagi alhajin da tankunansa. Ta zauna tana ji. Da na gaji na zuba mata tuwo, ta ci loma biyu ta ce miyar ba gishiri, sai ta fashe da kuka.

Mu a nan ba ma wasa da rantsuwa. Ina yarinya na ga wani mutum ya dafa a kan saniyar da ba tasa ba, kuma na ga yadda aka riƙa zagaye gidansa daga baya, ba mai cin abinci da shi, ba mai ba ɗansa aure, har ya bi duniya. Ko Allah bai kama mutum a nan ba, gari ya riga ya kama shi, sannan ga can. Da ina tsammanin tsoro zai mayar mini da gonata. Yanzu na gane gonar ta tafi ko ya dafa ko bai dafa ba, abin da ya rage a hannuna kawai shi ne ko in tura ɗan uwata cikin wuta da hannuna, ko in bar shi.

Washegari ban hura wuta ba. Na hau motar farko, na isa ƙauyen rana ba ta yi zafi ba. Mutane sun fara taruwa a ƙofar masallaci, liman yana zaune da gafaka a cinya, ƙanena yana tsugune a gefe da buta, ya wanke hannu ɗaya. Na wuce ta tsakiyar maza ban cire takalmi ba sai a bakin tabarma.

Na ce, "Malam, mayar da Littafin Allah inda ka ɗauko shi. Na ɗauke masa rantsuwa."

Mai gari ya ce, "Alhamdu lillahi. Hajiya ta yafe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a ƙara mini magana a baki. Ban yafe ba. Gonata ce, ya cinye, kuma kowa a nan ya ji na faɗa. Rantsuwar kawai na ɗauke."

Ƙanena ya saki butar ya taso zai durƙusa a gabana. Na ce masa ya ƙarasa alwalarsa, tunda ya fara. Na sa takalmina na nufi bakin hanya neman motar komawa.